Fitilar Manzo a Bakin Ramin Gas

Kabejin Dodo ya fara langaɓewa, injin ban ruwa kuma ya ƙi tashi. Lambun nan da ke fadamar garinsu, a ƙasar Kurfai, shi ke ciyar da gidansa duk tsawon rani.

Injin ba da esansi, wato man fetur, yake aiki ba. Bara waccan wani magini daga Filinge, mai suna Naziru, ya gina masa rami mai murfi a bakin lambu. Kullum da safe Dodo yakan kwaso kashin shanun da makiyaya ke kwantarwa a gonarsa, ya dama da ruwa, ya zuba. Kashin ya ruɓe a ciki ya ba da iskar gas, iskar ta bi tiyo ta tada inji. Waɗanda suka yi ta dariya da farko, wai Dodo zai yi ban ruwa da tusar shanu, su ne suka dawo suna leƙe ta kan shinge.

Sai dai Dodo mutum ne mai gaggawa. An ce ya riƙa tsince yashi da karmami kafin ya zuba, shi kuwa yadda ya kwaso haka yake antayawa. A hankali ramin ya cushe, gas ya daina isa inji.

Ya kira Naziru a waya.

"Ina Baleyara bisa wani aiki, sai bayan kasuwa ni ka zowa," in ji Naziru. "Kak ka buɗe ramin ga, Dodo. Ko inji bai tashi ba, gas na nan ciki. Kada wuta ta matso kusa, ko ta sigari ta."

"To, na jiya," in ji Dodo.

Ya kashe waya, ya dubi kabejinsa, ya ga ba zai iya jira ba. Sai ya nufi gidan yayansa Manzo, mai yasar rijiyoyin garin.

Kowa ya san Manzo da taka-tsantsan. Bai taɓa shiga rijiya ba sai ya fara zura fitilar ƙwai da igiya. In wutar ta mutu, to akwai muguwar iska a ƙasa, ba zai sauka ba ko wa ya roƙe shi. Haka mahaifinsu ya koya masa. Duk gari an koma tocila, shi kaɗai ke ajiye da tsohuwar fitila saboda wannan aiki.

"Yaya, ramina ya cushe," in ji Dodo. "Yasa kawai ta, kamar ta rijiya."

"Mai ginin mi yac ce?"

"Ya ce yana nesa."

Dodo bai yi ƙarya ba, amma ya haɗiye sauran maganar. Ya san in Manzo ya ji an ce kada a buɗe, cewa zai yi a jira.

Da hantsi suka kwashe ruwan kashin ta mafitarsa, suka fasa lakar da aka liƙe murfin da ita, suka ɗaga shi. Dodo ya tafi can ƙarshen lambu ɗauko bokiti. Ya san al'adar yayansa sarai, amma hankalinsa na kan kabeji. Sai da ya juyo ya hangi Manzo kwance a bakin rami, fuska a kan ƙofar, yana zura fitila a kunne don ya ga ko wutar za ta mutu.

"Yaya, tsaya!"

Bai rufe baki ba ramin ya yi ƙara. Wuta ta taso ta bakin ƙofar, ta yi jifa da Manzo cikin kabeji.

Aka kai shi wurin likita a Filinge, daga nan aka wuce da shi Yamai. An ceto ransa, amma idanu sun tafi, yatsun da ke riƙe igiya kuma sun ƙanƙance. Kafin su dawo gida kabejin ya bushe ƙurmus, ba wanda ya ko tuna da shi. Abin tausayi, mutumin da ya shiga rijiyoyi masu zurfi ya fito lafiya, taka-tsantsan ɗinsa ne ya kai shi ga wuta.

Yanzu Dodo ke riƙe masa sanda zuwa masallaci. Wata rana a hanya Manzo ya tsaya.

"Dodo, abin na damuna. Yadda baba ya koya mani haka niy yi. Shi mai ginin, bai ce maka komi ba bisa wuta?"

Dodo ya kawar da kai, ya ja sandar don su wuce. Manzo ya jira, ya jira. Daga nan ya zare sandarsa daga hannun ƙanensa a hankali, ya ci gaba da lalube shi kaɗai.

Jama'a, ramin gas alheri ne, amma ba rijiya ba ne: kada a kusance shi da wuta, kada a buɗe shi sai da wanda ya san aikinsa. Kuma duk gargaɗin da aka yi maka, faɗa wa wanda ka sa aiki gaba ɗayansa, domin abin da ka ɓoye a jikinsa zai ƙare.