Kofi na Biyu

Shekara goma sha tara ban amsa sallamarsa ba.

A Umdurman ta Sudan, idan azumi ya kama, a bakin titi muke shimfiɗa tabarmi mu tare duk mai wucewa. Har direban bas sai ya sauko ya sha ruwa da mu. Mutum ɗaya kaɗai muke bari ya wuce: tsohon golan ƙungiyarmu, wanda dā filin ƙwallo ke girgiza da sunansa, yau kuwa warin giyar aragi ke riga shi isowa.

Jiya ya zo wucewa ana kiran magariba.

"Ya Hajji, kau da kai," in ji maƙwabcina. "Wannan ko azumin ya yi?"

Maƙwabcin nawa bai san wanda ya miƙa wa golan kofin giya na farko ba. Ni ne, ranar da ya tare mana fenariti, ina dariya ina cewa, "Sha, ka zama namiji."

Na miƙe. "Ya kaftin, zauna."

"Sai yau ka gane ni?" ya ce.

Na zuba masa hulu-mur mai sanyi, abin shan da muke buɗe baki da shi. Hannuwan da ƙwallo ba ta kuɓuce musu suka kasa riƙe kofi.

Sai na riƙe masa.