Sunan Ɗan Fari

An zura wa Inna Tabawa siririyar waya ta jijiyar hannu, an cire gudan jini daga ƙwaƙwalwarta. Amma a dokar yanzu, ba sallama sai na'ura ta gwada hankalin mutum. Na'urar ta tambaye ta sunan ɗanta na fari, ta yi gum. Nan take aka rubuta mantuwa, za a sake zura wayar.

"Ke 'yar nan, goge ƙaryar nan!" ta daka wa nas tsawa. "Wace uwar kirki ke kiran sunan ɗan fari?"

"Inna, na'ura ba ta san kunya ba. Ki faɗa kawai."

Ɗan yana tsaye da furfurarsa, kansa a ƙasa. Ta dube shi, ta miƙa hannu.

"To, ku zura."