Bokitin Farin Fenti

Ranar da aka sako shi bai zarce gida ba. Ya ja ya tsaya a bangon layinsu, yana kallon ƙatuwar fuskar da matarsa ta zana shekara bakwai da suka wuce, lokacin da aka ɗaure shi kan wani rubutu.

"Wannan kyakkyawan fa?" ya tambayi matarsa da ta fito tarbarsa.

"Mijina ne," ta ce, tana dariya tana hawaye. "Sau goma sha tara hukuma na shafewa, ina sake zanawa. Kowace dawowa sai hancin ya ƙara tsawo."

Mai aski ya leƙo daga shago. "Malam, matsa mana, ka tare mana bawan Allah!"

Mijin ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ɗauki bokitin farin fentin da ma'aikatan hukuma suka bari, ya shafe fuskar da hannunsa.

"Ni na fito, gimbiyata," ya ce, ya miƙa mata buroshi. "Abokin ɗakina yana can kurkuku, ba mai cigiyarsa, shi za ki zana. Fara da kunnuwa, manya ne. Amma don Allah kar ya fi ni kyau."