Ranar da Na Yi wa Ɓeran Masar Wanka

Ina 'yar shekara bakwai a unguwar Malali, Baba yana kiwon ɓerayen Masar a keji bayan kicin. Wata Asabar, Mama ga wanki, ga goyo, ga tukunya a wuta, ta ce, "Je ki tsabtace ɓerayen nan, wari ya ishe ni."

Ni kuwa sai na ɗauko farar macen da Baba ya fi so, na tsoma ta a ruwan sanyi, na cuɗa ta da sabulun wanki. Ina fito da ita ta kwanta a tafina tana karkarwa, ido a rufe. Ko kuka na kasa, don na ɗauka na kashe ta.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta goge ta da bakin zaninta, ta cusa ta cikin rigata, ta zaunar da ni gaban murhu.

"Keji ake sharewa, uwata, su da kansu suke gyara jikinsu. Riƙe ta, kar ki motsa."

Na daɗe ina jin sanyinta a ƙirjina kafin ta motsa. Har yau, in zan yi wa jaririna wanka, sai na taɓa ruwan sau biyu.