Sandar Malam Bunu

A asibiti wani yaro mai mashaƙo ya yi wa Kaltumi, ɗalibar likitanci, tari a fuska. Malaminta ya ce, "An yi miki rigakafi kina jaririya?"

Duk ƙauyensu na gefen kogin Watari an san mahaifinta, Malam Bunu, da korar masu allura da sanda.

Ta isa gida tana huci. "Baba, in na kamu, alhakina na wuyanka!"

Ya leƙa waje, ya saki labule, ya zaro tsohon katinta na rigakafi daga gafakarsa. Ko allura ɗaya ba a tsallake ba.

"Da kaina nake kai ki asibitin Bici a keke," ya raɗa mata. "Rufa min asiri, kada maƙwabta su ji."