Igiyar Gimbiya

"Wa ya ce masa ya kashe mata dabba?" Inna ta tambaye ni.

Muna gidan tarihi a Paris, gaban zanen wani waliyyin Kirista yana soke dodo da mashi, gimbiya na riƙe da igiyar wuyan dodon. Shekara uku ina rubutun digirina a Lyon kan irin zanukan nan, jibi zan kare shi.

"Inna, cetonta ya yi."

"Na yi kiwo a Tasawa, 'yar nan. Dabbar da kike tsoro, tamau kike riƙe ta."

Na duba. Igiyar sako-sako take, har tana jan ƙasa.

A jirgin komawa Lyon na yi ta buɗe zanukan, ina neman gimbiya ko ɗaya da ke murna.