Famfon Gidan Inna

Auta ya fita daga wurin aiki ko jaka bai ɗauka ba. Yayarsa ce ta bugo waya daga gidan mahaifiyarsu. 'Yarsa mai shekara huɗu, wadda ya kai hutu wurin Inna, tana ta amai tun hantsi, ita ma Innar ta zaga banɗaki sau huɗu.

Ya tsallaka titi bai duba ba. Wani mai babur ya antaya masa zagi, ko waiwaye bai yi ba, ya faɗa tasi ta farko da ta tsaya.

Sati biyu ke nan da bututun ƙazanta ya fashe ya haɗe da na ruwan sha a gabashin gari, asibitoci suka cika har baranda. Ran Litinin sai ga sanarwar gwamnati a kowace tashar rediyo: an gyara, an gwada, jama'a su sha ruwan famfo hankali kwance. To, a yammacin Litinin ɗin ne wani abokinsa da ke ɗakin gwajin ruwa ya ja shi gefe, ya ce masa sakamakon ma bai fito ba, an dai gaji da surutun mutane ne. Nan take Auta ya kira matarsa ya ce a ci gaba da tafasa ruwa. Ya kira surukansa. Har mai gadin wurin aikinsu sai da ya gaya wa.

Inna ce kaɗai bai kira ba.

Ya kira ta ya ce mata me? Matar nan gwamnati biyar ta gani, ba wadda ta taɓa gaskatawa ko da wasa. Duk zaɓe sai ta je ta dangwala wa 'yan adawa, in sun ci kuma washegari ta fara tsine musu. Da aka ce kananzir ba zai yi wuya ba, jarka shida ta cika. Da aka ce an gyara gadar kasuwa, shekara guda ta yi tana zagayawa ta doguwar hanya da ƙafarta mai ciwo. Auta ya ɗauka duk garin nan ba inda ya kai gidan Inna aminci, don haka ya bar 'yarsa a can, ya kama harkar gabansa. Kwana uku ke nan.

A cikin tasi gardama ta kaure. Wani mai jakar takardu ya ce waɗannan masu mulki na yanzu ai sun fi na da, a ba su lokaci. Matar da ke gaba ta ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su, hula kawai suke sauyawa. Ana cikin haka sanarwar ta sake zuwa a rediyo, cikin murya mai sanyi da natsuwa, irin wadda za ta sa mai zazzaɓi barci. Auta ya sunkuyar da kai. Ya zaro alewar maƙogwaro daga aljihu, kamar yadda ya saba kullum, ya ɓare ya jefa a baki.

"Maigida, kai ba ka ce komai ba," in ji direba, yana kallonsa ta madubi.

Ya ɗaga kafaɗa kawai. Bai cika son buɗe baki cikin baƙi ba, balle yau.

Cunkoso ya tsayar da su a shataletale. Minti biyar, goma. Kai! Auta ya buɗe ƙofa ya dire, ya zuba da gudu, babban mutum da shi, takalmin ofis yana cizon dunduniyarsa. Ya tsaya kemis, ya nuna ruwan gora da ƙullin gishiri da sukari da yatsa, ya runguma ya ci gaba.

Da ya shigo layin su Inna sai ya rage gudu, yana dube-dube. Kowace ƙofa da tukunya a kan wuta. Tela yana tafasa ruwa, mai wanki yana tafasawa, har mutumin da ya manna hoton jam'iyya mai mulki a ƙofarsa yana tsugune yana fifita gawayi. Wato duk layin nan ba wanda ya yarda. To, ta ina abin ya shigo gidan Inna?

Ya same su a ɗaki. Yarinyar tana kwance a cinyar Yaya, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, ko "Baba" ba ta iya cewa ba. Inna tana jingine da bango, ta yi zuru-zuru, a gefenta ga kofi cike da ruwa. A tsakar gida famfo yana ɗiga cikin bokiti, murhu kuwa sanyi ƙalau.

Auta ya fizge kofin ya watsar ta taga. Ya ce wa Yaya ta goya yarinyar, asibiti za su yanzu-yanzu. Sannan ya juyo kan mahaifiyarsa, cikin tsoro da haushi, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya ɗaga mata murya.

"Inna, ke fa! Ke da kika hana mu taka gada! Duk unguwa kowa na tafasa ruwa, sai ke? Yau kuma gwamnati kika yarda da ita?"

Inna ta ɗago kai da ƙyar. Ta dube shi, ba faɗa a idonta, sai mamaki.

"Wace gwamnati kuma, Auta? Ni ban ji gwamnati ba," ta ce a hankali. "Na kunna rediyo, na ji muryarka, kai ɗan da na haifa, kana cewa in sha, hankali kwance."